Saura Ɗaya a Garken Flori

"Ba inda karen nan zai je," in ji Theres, ta tare ƙofar gida da jikinta.

Yayanta Bisch ya kaɗa igiyar da ya zo da ita. "Malama mai digiri, wa yake riƙe karen kiwo ba shanu? Tun bara muka sayar da garken. Dubi yadda ya yayyaga labule. Wani makiyayi a Urnäsch yana son sa."

"Ya yi ta so. Ni na bar aikina a Zurich na dawo. Ni nake hawa dutse da shi kullum safe har ƙafata ta kumbura. Kai kuwa, Yaya, sai Kirsimeti muke ganin ƙeyarka."

"To me yake kiwo? Kujeru?"

"Saura ɗaya."

Sai ga haushi daga hanyar dutse. Karen ne, Flori, yake gangarowa, yana kewayawa dama da hagu, yana zungurar dunduniya da hanci yadda ya saba yi wa shanu. A gabansa mahaifinsu ne, da silifas na ɗaki, rungume da tsohuwar ƙararrawar saniya. Kullum da yamma yakan sulale ya tafi neman garken da babu shi.

Tsohon ya wuce Bisch bai gane shi ba. Igiyar ta suɓuce daga hannun Bisch.

"Yarinya," in ji tsohon, "shanun sun cika?"

Theres ta karɓi ƙararrawar, ta riƙe hannunsa mai sanyi.

"Sun cika, Baba. Flori ya kawo ta ƙarshe."