Daren da Naoto Ya Sauko

Wani dare Naoto ya ji ƙara a matakala, kamar an yar da buhun shinkafa, sai kwano ya yi ta gangarawa har ƙasa.

Tun da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a, shekaru ke nan, bai sake fita daga ɗakinsa na sama ba. Mahaifiyarsa Fumie ke ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ta ce, "Ci da zafinsa, ɗan nan."

Ya daɗe kafin ya iya buɗe ƙofar. Ga Fumie kwance a ƙasan matakala, tana numfashi da ƙyar. Ya kira motar asibiti, aka ɗauka, muryarsa ta ƙi fita. Sai ya ruga waje ba takalmi, gashi har kafaɗa, ya hau dukan ƙofar maƙwabcinsu, tsoho Kuwabara, wanda ya koya masa hawan keke.

"Baba... Mama ta faɗi. Ni ne Naoto."

Tsohon ya leƙo, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ni za ka raina wa hankali? Naoto yana Kanada, injiniya ne, da matarsa da 'ya'yansa. Kullum sai uwarsa ta ba mu labarinsa." Ya waiwaya ciki ya ce wa matarsa, "Ke, kira 'yan sanda!"

Sannan ya juyo. "Kai wane ne? Me ka yi wa Fumie?"