Kwalba Ɗaya, Ciwo Uku

Tsohon direba ya rantse shi ya riga kowa gano dabarar, ba boko ba likita.

Mai kantin magani ta jera masa kwalabe uku na saiwoyi. "Baba, ga na damuwa, ga na mantuwa, ga na barci. Wanne?"

"Miƙo na barcin, 'yata. Hajiyata zan ba. In ta kwanta, damuwata ta ƙare, kuma babu mai tuna min abin da na manta."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai jiya Hajiya ta saya maka irinsa, da wannan hujjar!"

Ya gyara hula, ya karɓi kwalbar. "To, canjaras. Mai shakkar maganin nan ya buga ƙofarmu gobe da hantsi, mu ga mai buɗewa!"