Rariyar Gindin Tuffa

Direba ya kwaɓa siminti ya toshe 'yar rariyar da ke gindin katanga, yana ɗaga murya don tsohuwar makwabciyarsa ta ji.

"Kullum ruwan wankinku sai ya malalo gindin tuffata! Ina wahalar rainonta, ku kuna neman kashe ta?"

'Yar tuffar nan ita ce abu na ƙarshe da matarsa ta dasa kafin ta rasu. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa yadda take toho a hannunsa.

Ya yi doguwar tafiya, ya dawo ya tarar ganyen tuffar ya yi yaushi, ƙasa ta tsattsage. Sai ga sallama. Tsohuwar ce da bokiti, tana haki.

"Ɗana, yi haƙuri, na kasa zubawa ta saman katanga. Ba ruwan wanki ba ne, na randata ne. Marigayiya ce ta fasa rariyar. Ta ce kai mai mantuwa ne, in riƙa ba ta ruwa, amma kada ka sani."

Ya kasa ɗaga ido. Da ƙyar ya ce, "Inna, ko kina da guduma?"