Kumfar Iska a Idon Sinforosa

Kwana biyu likita ya ce, a rigingine, babu matashin kai, hanci na kallon rufi. Sinforosa Maestas ta cinye ɗaya da rabi a ɗakin haya da ke bayan asibiti a birnin Albuquerque, kuma bakinta bai huta ba.

Ido ɗaya gare ta. Na hagu wayar shinge ta tsiyaye shi tun tana budurwa. Na daman ne aka cire wa yana a watan tara, aikin da aka yi wa maƙwabtanta suka koma gona cikin mako guda. Nata ya ɓaci. Tantanin gaban idon ya kumbura, ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana suka kamar an zuba yashi. Wata shida tana lalube a cikin gidanta.

Yanzu wani likitan, Dakta Begay, ya dasa mata sabon tantani, ya hura kumfar iska a cikin idon don ta danne shi har ya kama. In ta daɗe a zaune, kumfar za ta gusa, dashen ya ɓamɓare. In ta hau dutse, inda nauyin iska ke raguwa, kumfar za ta kumbura ta kashe jijiyar gani. Garinta kuwa, Truchas, a ƙoƙuwar dutse yake.

Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Asibiti suka ce akwai wadda ta sa kanta jinya, sunanta Adelina.

Matar ba ta da surutu, kuma in ta yi magana harshen tsofaffin garuruwan kan dutse take yi, ba Turanci ba. Hannunta na ƙamshin sabulu, farcenta a yanke har nama. Sinforosa ta yaba da wannan, don mace mai dogon farce ba ta da aikin yi. In ta ɗiga magani, ɗigo ɗaya ne, bai taɓa gangarowa kunci ba. Ta ba ta kunun shuɗiyar masara da cokali. Duk bayan awa guda takan ɗora yatsu biyu a kan fatar idon a hankali, ta yi jim, ta ɗauke.

“Ke 'yar nan, kin san Dakta Roybal? Wadda ta makantar da ni?”

“Na san ta, Inna.”

“Minti goma ta yi a kaina, fuska a rufe da ƙyalle, tana zuba Turanci kamar ta haɗiyi rediyo. Mai fiɗar akuya ya fi ta natsuwa. Allah ya isa tsakanina da ita.”

“Miƙe wuyanki, Inna. Kanki ya karkace.”

Da rana tsaka Onésimo, ɗan ƙanenta, mutum mai furfura da tumbi, ya faka akori-kurarsa a ƙofa. Ya cire hula kafin ya yi magana. Cleofas, ƙanwarta, ta cika da safe. Za a binne ta gobe da hantsi, kuma a danginsu babba ne ke zuba ƙasar farko. Ko fada, limamin coci, sai ya jira.

“Na shimfiɗa miki katifa a bayan mota, Goggo. A kwance za ki je, a kwance ki dawo. Kwanciya likita ya ce, ai ba mu saɓa ba.”

Sinforosa ta fara laluben takalmi da ƙafa.

“Ba kwanciyar ba ce, hawan ne,” in ji Adelina daga bakin ƙofa. “Kafin ku wuce garin Chimayó idon zai yi tauri kamar tsakuwa. Kafin ku isa coci idon ya mutu.”

Onésimo ya yi dariya ta hanci. “Baiwar Allah, a can aka binne cibiyarmu. Dutse bai taɓa fasa wa ɗan Maestas ido ba. Ki tsaya a kan kununki.”

Tsohuwa ta riga ta ɗago kafaɗa. Sai ta ji tafin hannun Adelina a goshinta, ya mai da ita kan katifa, bai girgiza ba kuma bai sassauta ba. Ta yi yaƙushi. Ta ji fata ta ɗaye a ƙarƙashin farcenta. Hannun bai motsa ba.

“Zage ni, Inna, ki tsine mini. Ido ɗaya ya rage miki, ba zan bari ya tafi sau biyu ba.”

Onésimo ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira. Ya tsaya yana juya hularsa.

Da numfashin tsohuwa ya lafa, Adelina ta aike shi ya ɗebo ƙasa daga gindin bishiyar da ke tsakar gida. Ta zuba a tafin Sinforosa, ta dunƙule mata yatsu a kai, ta jira ta gama addu'a, sannan ta juye a hankici ta ƙulle. “Wannan za a fara zubawa. Daga hannun babba ta fito.”

Ya karɓa ya tafi. Sinforosa ta yi kuka har hawaye suka cika mata kunne.

A rana ta uku Dakta Begay ya zaunar da ita a kujera, ya haska idon ya daɗe yana leƙe. Kumfar ta ƙanƙance ta koma sama. Ƙasanta haske ya buɗe. Ta ga daɓen ɗaki, ta ga takalmanta, ta ga wata siririyar mace a jingine da bango, ido jawur don rashin barci, da sawun farce huɗu a tsintsiyar hannu.

“Ya kama,” in ji likita.

Sinforosa ba mai neman gafara ba ce. Ta dai miƙa hannu ta kamo hannun da ta yaƙusa, ta riƙe. “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Uwarki ta iya tarbiyya.”

Dakta Begay ya kashe fitilarsa, ya juya wajen Adelina. “To, sai ki je ki kwanta haka nan, Dakta Roybal.”