Direban da Ya Saukar wa Motarsa Hanci

Nafi'u, ajiye wannan bututun mai ƙyalli ka zauna. Na ji abin da ka gaya wa babanka, wai za a cire akwatin da motar gidan nan ke shan iska da shi, a ɗaura mata wannan, ta riƙa shan iska mai sanyi ta ƙara ƙarfi. Ka kuma ce ba sai an tambaye ni ba, tunda ko bihim ban sani ba. Gaskiyarka, ban sani ba. Amma motar nan kakanka ya bari, ita ke kai ni asibiti duk sanda ƙafafuna suka kumbura, makullinta kuwa ga shi ɗaure a bakin zanena. Buɗe kunnenka in ba ka misali.

An yi wani direba a wani ƙauye da rafi ya raba shi da kasuwa. Babu gada, sai mashigi. Motarsa ba abar kallo ba ce, amma duk ranar kasuwa mata za su loda mata kwandunan tumatir da kuɓewa, ta shiga ruwan har ya kusa rufe taya, ta fito tana ɗiga kamar saniya. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai wata rana ya je birni, ya ji motocin samari suna gurnani idan an taka totur, nan take tasa ta zame masa kamar kurma a cikin mawaƙa. Wani bakanike ya ɗaga bonet, ya nuna masa baƙin akwati can sama kusa da injin, ya ce ai wannan ne ya shaƙe ta. Aka kwance shi. Aka kawo dogon bututu, aka sunkuyar da bakinsa ƙasa, bayan bamba, inda iska ta fi sanyi, aka cusa masa 'yar matatar iska kamar hular jariri. Tsohon akwatin kuma ya kai gida, matarsa ta mai da shi mazubin dusar kaji. Mota ta yi murya, ba ƙarya. Idan ya shigo tasha sai samari su miƙe suna ɗaga masa hannu. Sai dai matan da ke bayanta ba su taɓa isa kasuwa da wuri fiye da da ba, kunne kaɗai ya san an yi gyara. Ba a jima ba ta fara karkarwa in an tsaya, kamar mai masassara, wani lokaci ta mutu a tsakiyar hanya sai an tura. Wata 'yar fitila ta kunnu a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Mutumin naka ya samo salatif ya liƙe ta, don kada ta dame shi.

Damina ta zauna. Wata safiyar kasuwa aka wayi gari an kwana ana ruwa, rafi ya ɗan taso, ba fiye da yadda ya saba ba. Wata tsohuwar akori-kura mai hayaƙi ta shiga gabansa ta haye lafiya lau. Shi ma ya sa kai, ya taka totur don mutanen bakin gaɓa su ji muryar. Suka kuwa ji. Yana kaiwa tsakiya bututun nan ya kafa baki ya zuƙi ruwa kamar ɗan maraƙi a nono, injin ya yi ƙara guda kamar an buga taɓarya a kan dutse, sai shiru. Mata suka tattare zannuwa suka sauka cikin ruwa, kowace da kwando a ka, ga kasuwa da nisa. Kafin su kai rana ta take, tumatir ya dame, masu saye sun watse. Shanun huɗa aka ɗauro suka jawo motar zuwa gaɓa, samarin da ke ɗaga masa hannu suna tsaye suna kallo. Da aka buɗe injin, ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe kamar lauje. Ya koma wurin bakaniken birni, shi kuwa ya ce, "Ni iska na sayar maka, ban ce ka shiga kogi ba." Motar ta ƙare a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, kan duwatsu, kajin da ke cin dusa a akwatinta suna ƙwai a kujerar direba. Matan ƙauyen suka koma wa mai akori-kura.

To ka ji. Ko saniya in za ta haye ruwa hancinta take ɗagawa sama, ba wanda ya koya mata. Wanda ya ƙera motar nan ya san abin da ya sa ya ɗora mata nata a sama ya rufe shi, kai kuma kana so ka saukar da shi inda kwalbatin unguwarmu ke ambaliya duk Agusta. Ranar da numfashina ya sarƙe ana ruwa, gurnani ne zai kai ni asibiti? Ka kira ni tsohuwa, ka ce kaina ya tsaya a zamanin jaki, duk na ɗauka. Idan ka sayi taka, ka sa mata ƙaho ma in ka ga dama. Wannan dai, muddin ina motsi, babu mai taɓa mata hanci, kuma ko babanka bai isa ya kwance ƙullin zanen nan ba. Ɗauki bututunka ka mayar wa mai shi tun yana cikin leda. Hausawa sun riga sun gama magana: garin neman gira aka rasa ido.