Kartar Gwaji a Bakin Tafki

Tun da aka sa wa kowa na'urar raɗa a kunne, ko tumatir ba a zaɓa sai ta yi magana. Amma a tsakiyar Tafkin Chadi, wanda ya sake cika, ba ta aiki. Shi ya sa Baba Tanimu mai jiragen fito yake gwada masu neman aikin tuƙi da karta.

Tasalla, ɗaya daga cikin masu neman aikin, ta cire na'urarta. Ƙwallayen dabino ake zubawa a madadin kuɗi, ɗaya-ɗaya.

Tsohon ya buɗe kati uku: sarki, bakwai, biyu. Akwai bakwai a hannunta. Bai yi ƙarfi ba, bai kai na yarwa ba.

"Na zuba. Za ki bi, ko ki ajiye?"

Yatsanta ya kai kunne, shiru. Wanda ya gabace ta haka ya zauna yana gumi har aka sallame shi.

"Na bi, Baba. In ga na gaba."

Katin gaba bai taimake ta ba. Tsohon ya sake zubawa, ta ajiye.

Ya nuna mata sarkinsa, ya yi dariya.

"Kin san shiga, kin san fita. Gobe jirgin Baga naki ne."