Hudoji Biyar a Fulin Mang Delfin

Mang Delfin direba ya dangwarar da fulin gaban injinsa, wato faifan ƙarfen nan da bel ke zagayawa a kai, a teburin Aling Nenita mai gyaran kayan inji, wadda ta sake wa fulin roba.

"Tun da kika taɓa shi motata ke karkarwa, fasinja duk sun guje ni! Dama ina mace ina aikin ƙarfe?"

Direbobi suka taru. Ita kuwa ta juya fulin a natse, ta ce:

"Yaya, ina hudoji biyar ɗin nan na gefe? Tun daga kamfani aka huda su don nauyi ya daidaita."

Ashe aikin Mang Delfin ne. Shi ya cike su da walda ranar Lahadi, a zatonsa ita ta huda su, ya bi da jan fenti, yana ta shelar ya gyara mata ƙazantar aiki.

Daga baya wani ya ce, "Amma fa fentin ya yi kyau!"